Abin da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Tun ranar da babban ɗana ya zo min da maganar sayar da gonar Kuje barcin rana ya ƙaurace min. Da ma barcin nan ne ɗan jin daɗin da ya rage min a gidan nan na Wuse. Da safe kowa watsewa yake yi, ɗan nawa ya tafi ma'aikatarsu, matarsa ta tafi nata ofishin, a kwashi yara zuwa makaranta, a bar ni a saman bene daga ni sai firji, yana gurnaninsa ina nawa. Ɗan fari ne, don haka ba na kama sunansa, ba na kuma iya yi masa musu ido da ido. Ya zauna a bakin kujera yana juya makullin mota ya ce, "Inna, an samu mai saye. Gidaje zai gina a wurin. Gonar nan tun rasuwar Baba ba ta ba da ko tiya, ke ma kin sani." Na ce na ji, a ba ni lokaci in yi tunani. Gaskiya ya faɗa, gonar ba ta ba da komai. Abin da na rasa shi ne ta inda zan fahimtar da shi cewa akwai aikin da ubansa ya fara a cikinta bai gama ba, kuma in aka zuba siminti a kai an binne aikin ke nan.

A gidan nan kallon tsohuwa mai tara tarkace ake yi min, kuma ban ce ƙarya suka yi ba. Duk ledar da ta shigo da burodi ko tumatir sai na wanke ta, na shanya, na ninke na ajiye. Gwangwanin madara gishiri nake zubawa a ciki, kwalbar man shafawa ta zama ta allura da maɓallai, bokitin fenti kuwa na shuka barkono a cikinsa, yana nan yana ba mu na miya ba wanda ya taɓa yi masa godiya. Matar ɗana mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Amma ranar da baƙinta suka ɗaga kai suka ga ledoji suna kaɗawa a baranda, sai ta same ni a hankali ta ce, "Hajiya, don Allah ki bari. Maƙwabta sai su ce ba ma kula da ke. Leda fa kyauta ake bayarwa, ko nawa kike so." Na ce, "'Yar nan, na san kyauta ce. Da sayar muku ake yi da ba ta toshe muku kwata ba." Ta yi dariya ta ce Hajiya akwai magana, ta wuce. Ni kuma na mayar da shanyata banɗaki inda ba mai gani.

Daga tagata ina ganin kwatar da nake faɗi. Da rani a cike take da ledar ruwa da robobin lemo, in ruwan sama ya sauka kuma sai ta amayo su kan titi, baƙin ruwa ya shiga shagunan mutane, sauro ya yi biki har ƙarshen damina. A bayan layinmu akwai wata bola da ake cinna wa wuta in ta taru, hayaƙin ya biyo iska ya shigo ɗakuna, yara su kwana suna tari, da safe a ce sanyin firji ne. Babu mai tsayawa ya dubi sharar nan sai 'yan baban bola da ke turo baro suna tsince ƙarfe da roba, su ma kallon ɓarayi ake yi musu. Ranar da na samu mai raka ni kasuwar Wuse da kwandona nake zuwa. Mai tumatir ya ce, "Mama, bari in sa miki a leda." In ce zuba a kwando. Ya ce, "To in sa a leda sai in sa a kwandon." In ce wallahi ka sa min leda na fasa sayen. Sai ya zuba yana kallona kamar wadda ta zo daga wata ƙasa. Daga wata ƙasar kuwa na zo, sai dai ba mota da ke zuwa can yanzu.

A ƙauye na tashi, can arewa, a gidan da ba a san wani abu wai shi abin yarwa ba. Ba wayewa ba ce, rashi ne ya koya mana. Abin da ke tashina da asuba shi ne luguden matan gidanmu, taɓare suna amsa wa juna, sai kukan jakin maƙwabta, sai muryar Kaka, mahaifiyar babana, tana faɗa da kaji. In ƙwarya ta tsage ba a jefar da ita, ajiyewa ake yi sai ranar da aka ji kiran gyartai daga bakin zaure. Ya zauna ya ɗinke ta tsaf, ta koma aiki da tabonta. In ta sake fashewa ta zama sakaina, a riƙa kwasar shara da ita. Tukunya in ta fashe, gindinta ya zama abin ba kaji ruwa. Zane kuwa sai ya ga ta kansa: a ɗaura shi zuwa biki, ya koɗe ya koma na aikin gida, ya koma na goyo, ya zama tsumma, a naɗe shi gammo, ƙarshe a yagi bakinsa a yi lagwanin fitilar aci-balbal. Tuwon dare ya kwana ya zama ɗumame, na gindin tukunya ya bushe ya zama ƙanzo. Ƙasarin da aka wanke gero na awaki ne, dusa tasu ce, kara ya zama danga. Daddawa a ganye ake ƙunsa ta, ka gama ka yar da ganyen akuya ta ɗauke tun bai taɓa ƙasa ba.

Abin da ya gama zagayensa duka ya gaji, juji ake kai shi, can bayan gida. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi da tsohuwar zana, duk can suke haɗuwa. Kaka tana da magana ɗaya da ba ta gajiya da ita. Ko me ka kawo mata ka ce ya lalace, ba ta ko ɗago kai sai ta ce, "Kai juji, ƙasa za ta ci." Na taɓa zuwa mata ina kuka da ɗan tsakona da ya mutu, ta ce min haka, na yi fushi da ita yini guda. Amma da bazara ta zo aka fasa jujin, na tsaya ina neman ɗan tsakona, babu shi babu alamarsa. Babu sakaina, babu tsumma, duk sun koma baƙar ƙasa mai ɗumi, mai wani irin ƙamshi da har yau in na rufe ido ina jin sa. Maza su cika mangala, a aza wa jakuna, su yi jerin gwano zuwa gona, a zuba tsibi-tsibi. Da damina ko makaho ya san inda aka zuba, don geron wurin ya fi tsayi ya fi duhu. A lokacin da girman juji ake gane gidan masu himma. Da Malam ya zo neman aurena, Kaka ba ta tambayi rigunansa ba, aika wa ta yi a dubo mata bayan gidansu. Aka ce jujinsu ya kai ƙugun babban mutum. Ta ce to, a ba shi, ba za ta kwana da yunwa ba. Na sha tsokanarsa da cewa juji ne ya yi masa aure, shi kuma ya ce ai bai ga laifin jujin ba.

Akwai kuma abin da kowane manomi ya sani a wajenmu, cewa sharar birni ta fi ta ƙauye maiƙo, saboda mutanen birni sun fi mu cin daɗi. Waɗanda gonakinsu ke kusa da birni har rige-rige suke yi da jakuna zuwa kwasar ta. Malam da wannan sanin ya girma, ni ma haka. Ina so a riƙe wannan, don kada wanda ya ji abin da ya biyo baya ya ce mijina wawa ne.

Lokacin da ma'aikatu suka fara dawowa Abuja ne Malam ya samu aikin masinja a ɗaya daga cikinsu. Cikin gari ba na irinmu ba ne, sai muka sauka a Kuje. A lokacin daji ne da duwatsu, da rafin da kake hango yashin ƙasansa, da matan Gbagyi suna wucewa da doya a kafaɗa, muna gaisawa da hannu kafin mu koyi bakin juna. Na yi kukan kewar gida har na gode Allah. Abin da ya rage min zafi shi ne wata jar akuya da Kaka ta ba ni, wadda muka sha wahalar shigo da ita mota, don duk lokacin da ta yi kuka sai in ji kamar ina tsakar gidanmu. Wani dattijon Gbagyi da suka saba da Malam shi ya yanka masa gona, mai jar ƙasa, da bishiyar ɗorawa a tsakiyarta. Ina tsaye ya nuna masa iyaka da sandarsa ya ce, "Malam, ka riƙe shi da kyau. Ƙasa ba ya son wulaƙanci." Malam ya ce in sha Allahu. Takarda daga baya ta zo, amma shi Malam wannan maganar ya ɗauka a matsayin takardar.

Muka tayar da jujinmu a bayan gida kamar yadda muka gada. Akuyar Kaka ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, ba a taɓa rasa ja a cikinsu ba. Ran Asabar da Lahadi Malam ya cika buhu da taki ya ɗaure a bayan keke, ni in biyo shi da ɗumame da ruwa, mu zauna gindin ɗorawa mu ci. Shi ba mai magana ba ne, ni nake yi mana ta mutum biyu, in na gaji ya ce, "Haka ne," ko da bai ji abin da na ce ba. Da masarar gonar nan da dawarta muka yi renon yaranmu, har shi mai juya makullin mota. Ban san daɗin shekarun nan ba sai da suka wuce.

Ba zan iya tuna ranar da leda ta shigo rayuwarmu ba, don ba ta yi sallama ba. Da farko abin marmari ce, in ka samu ɗaya ka adana ta kamar kayan ado. Kafin mu farga ruwa a leda, koko a leda, alala a leda, har tuwo aka koma naɗewa a leda. Gyartai ya daina zuwa saboda roba ta kori ƙwarya. Kuje ta cika, gidaje suka matse mu, makiyaya ta ƙare, muka rage awaki har suka koma ɗaya, jikanyar jikanyar waccan ta Kaka. Jujinmu ya zama ɗan tsibin da ko kaza ba ta girmama shi. Daidai lokacin Malam ya yi ritaya, ya ce yanzu ne zai yi noma na gaske. Sai dai gonar ta gaji, takin zamani kuma ya fi ƙarfin aljihun masinja mai ritaya.

Wata rana da bazara muna dawowa daga gona sai ga wata tifa ta tsaya a bakin hanya tana shan ruwa, an cika ta da baƙar shara daga wata tsohuwar bola ta cikin gari. Malam ya tsaya ya ɗebo da hannu ya shinshina. Na ga fuskarsa ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Ya ce wa direban, "Ɗan samari, ina za ku kai wannan?"

Direban ya ce, "Baba, datti ne fa. Oga ya ce mu kai shi can baya mu zubar."

"Ku zubar? Sharar birni guda?"

"Kai kana so a gona naka?" Direban ya dubi abokin aikinsa suka yi dariya. "Baba, in kana so ko goma ne mu kawo. Ka rage mana hanya ma."

Haka suka yi ta kawowa har sai da gonar ta rufe daga iyaka zuwa iyaka. Da muka zo bazawa na ga ledoji a ciki, sun yi baƙi sun yayyage sun saje da ƙasar, ga fasassun kwalabe, ga batir, ga wasu abubuwan da ban san sunansu ba. Na ce, "Malam, wannan takin fa da leda a cikinsa." Ya ɗaga ɗaya ya duba, ya ga ta yi laushi kamar tsohon ganye, ya ce, "Bar ta, ƙasa za ta ci." Ni ma na yarda, don ban taɓa ganin abin da ƙasa ta ƙi ci ba. Aka kawo shanu aka yi huɗa, aka juye komai ciki. Ranar Malam har waƙa ya yi a hanya, mutumin da ko a bikinmu bai yi ba.

Daminar farko masara ta fito wani wuri kore shar, wani wuri rawaya, muka ce sabon taki ne, zai zauna. Ta biyu abin ya fito fili. In ruwa ya sauka sai ya kwanta a kunya ya ƙi shiga ƙasa. Ka tuge masarar da ta tsumbure ka ga saiwarta ta murɗe a cikin leda ta rasa hanya. Fartanya in ta shiga sai ta fito tana jan tsumman roba. Kwalba ta yanke Malam a ƙafa ya yi jinya. Duk da haka yana cewa a ba ta lokaci, ƙasa ba ta gaggawa.

Bayan girbi muka ɗaure jar akuyata a gonar ta ci kara, kamar yadda aka saba. Ba a jima ba ta fara rama, ciki ya kumbura, ga abinci a gabanta ba ta ci. Na ba ta kanwa, na ba ta jiƙo, na kira mai allurar dabbobi, duk a banza. Tana kallona tana wani siririn kuka, ni kuma ba abin da zan iya. Da muka ga za ta tafi a banza Malam ya kira mahauci. Ina cikin ɗaki don ba zan iya gani ba, sai na ji mahaucin yana cewa, "Malam, wannan ba ciwo ba ne. Zo ka gani." Na fito. Ya buɗe tumbin ya ciro wani dunƙule, leda ce ta murɗe ta cure kamar gammo, ta cika cikin har ba wurin ciyawa. Ashe gishiri da man da suka rage a jikin ledojin take bi tana haɗiya. Da cikinta cike yunwa ta kashe ta. Na yi kuka ranar kamar an aiko min da mutuwar Kaka karo na biyu, don daga ita babu sauran abin da ya haɗa ni da gidanmu.

Malam ya matso. Ya ɗauki dunƙulen ya wanke, ya warware shi a tsakar gida yana dubawa. Har rubutun da ke jikin wata ledar ana iya karantawa. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Cikin akuya bai ci ta ba. Ƙasa ma ba za ta ci ba." Na ce ƙaddara ce, ba shi kaɗai ya zuba sharar bola a gona ba. Ya ce, "An ba ni ita da tsabta. Ni na zuba, ni zan kwashe."

Washegari ya fara. Ya kafa turke a kowane gefe daga iyakar gabas, ya ja igiya ta ratsa gonar. Abin da ke gaban igiyar sai ya tone shi da fartanya, ya tankaɗe da tsohuwar wayar taga, ya tsince da hannu, in ya tabbata wurin ya fita sai ya matsa da igiyar gaba. Ƙarfe da gwangwani da robobi yana tara wa 'yan baban bola. Kwalabe da batir yana zuba su a tsohon duro. Ledar ce ba mai so, sai ya riƙa tara ta yana cinna wuta da yamma. Baƙin hayaƙi ne mai kama maƙogwaro, yana tsaye a kansa yana juyawa da sanda, ya dawo gida idanu jajur. Daga nan tari ya kama shi. Da muka je asibiti likita ya tambayi aikinsa, ya ji, ya ce in yana son ransa ya rabu da hayaƙin nan. A hanya Malam ya ce min, "Kin gani, na cire ta daga ƙasa na mayar da ita iska."

Shi ne ya koma wanke su. Ya kawo gida a buhu, mu jiƙa, mu shanya, ni in yayyanka su siri-siri, shi ya zauna yana tufka. Da ma ya iya tufkar rama tun yana yaro. Igiyar leda ta fito da ƙarfi, ruwa ba ya cin ta, ga launi kala-kala. Muka yi ta ɗaurin awakin maƙwabta, ta shanya, ta guga, har tabarma na saƙa, wadda nake zaune a kanta yanzu. Igiyar da yake ja a gonar ma ya sauya ta da ta leda. Yaran unguwa suka sa masa Baba mai leda, ya ji ya yi murmushi ya ce sun yi gaskiya. Yaranmu kuwa sun riga sun watse makarantu da wuraren aiki, in sun zo su ce Baba ya huta haka nan, ya ce to, washegari ya ɗauki fartanya. A bayan igiyar masara ta dawo, tsaye kore kamar da. A gabanta kuwa sai ciyawa da tsummokara. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalli gona ɗaya mai fuska biyu.

Shekaru ya yi a haka, tarin bai taɓa sakin sa ba. Wata ranar la'asar ya shigo yana haki ya zauna a bakin ƙofa, na ba shi ruwa, ya sha ya ce, "Na kai ɗorawa." Rabi ke nan. Na ce sannu, saura rabi. Ya ce, "Haka ne." Bai sake komawa ba. A cikin daminar Allah Ya karɓi abinSa. Bayan na fita takaba yara suka ce ba zan zauna ni kaɗai ba, aka kwaso ni zuwa saman benen nan, inda na fi zama ni kaɗai fiye da can.

Da ɗana ya sake tayar da maganar mai saye, na ce ya kai ni in ga wurin kafin in ba da amsa. Ran Asabar da safe muka tafi. Ban gane hanya ba. Katangu sun zagaye gonar ta ko'ina, rafin da nake wanki ya zama baƙar kwata da robobi ke iyo a kai. Ɗorawar ce kawai ta gane ni. Na sauka na taka a hankali cikin ciyawa har gindinta, shi yana biye da ni yana kare takalminsa. Na nemi turakun na rasa, gara ta cinye su tas, ko guntu babu. Amma igiyar tana nan kwance daga wannan gefe zuwa wancan, ta ɗan nutse a ƙasa, ja da shuɗi da baƙi, yadda hannunsa ya murɗa ta. Na tsuguna na taɓa. Ƙasa ta karɓi itacen, ta karɓi dattijon da ya ba mu gonar, ta karɓi Malam ba ta yi gardama ba, wannan kaɗai ta bari a sama.

Ɗana ya ce, "Wannan igiyar Baba ce?"

Na ce ita ce. Na sa hannu a gabanta na tona, ban kai ko'ina ba na jawo leda, na sake na jawo wata. Guiwata tana ƙara, amma na ci gaba, ina tarawa a gefen zanena.

Ya ce, "Inna, ki tashi don Allah. Wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne. In an sayar ai siminti za a zuba, duk ya rufe, ba mai sake gani."

Na ce, "Shi ya sa." Ban ɗago ba, don ban taɓa yi masa irin wannan maganar ba. "Ban hana ku sayarwa ba, haƙƙinku ne. Amma ku bari in kai igiyar nan iyakar yamma. Ranar da ta kai, ku kira mai sayenku."

Ya juya ya dubi iyakar yamma, can inda katangar wasu ta tsaya. Ya dubi ɗan wurin da na tona, wanda bai fi faifai ba. Sannan ya dube ni, da furfurata da guiwata. Yaron nan ya yi karatu, ya iya lissafi, ya san amsar da ni ma na sani. Ya ce, "To, Inna." Ya koma gefe ya kira waya, na ji yana cewa, "Oga, a yi haƙuri, maganar nan a ajiye ta tukuna." Da ya dawo ya karyo rassa biyu ya kafa min sababbin turaku, ya ɗaure igiyar da irin ƙullin ubansa, wanda ban san ya iya ba.

Yanzu duk Asabar yana sa a kai ni. Wani lokaci ya zo da kansa ya ɗan taya ni kafin waya ta janye shi, yawanci kuwa ni kaɗai ce da ɗorawa. Ina tonawa ina yi wa Malam hira, in na gaji in yi shiru daidai inda zai ce haka ne. Iska tana kawo sababbin ledoji daga gidajen da ke kewaye, su sauka har a ɓangaren da ya gyara, sai in fara da su kafin in taɓa nawa. Abin da na tsinto in kawo Wuse in wanke a banɗaki, matar ɗana ta daina magana, har ta fara ajiye min na kicin a gefe. Tufkata ba ta kai tasa kyau ba, amma tana riƙe kaya.

Igiyar ta ɗan wuce inuwar ɗorawa yanzu. Ba zan kai ta yamma ba, na sani, shi ma ya sani, kuma ba wanda ya faɗa wa wani. In lokacina ya yi ƙasa za ta karɓe ni kamar yadda ta karɓi ubansa. In sun zo da mai sayensu za su tarar da igiyar a kwance, ta nuna musu inda na tsaya.